Marfin Ido: Wa Ya Ɗaura, Kuma Yaushe Za a Kwance?

Duk abin da ke da daraja a gida yana da marfi. Tukunyar miya da marfinta, randa da faifanta, rijiya a jawo mata tsohon ƙyaure don kada akuya ta faɗa, rumbu ma sai an yi masa hula kafin damina. Ido kuwa tun daga halitta aka haɗo shi da nasa marfin, marfin da ba ya jiran a tuna da shi. Fatar ido tana sauka ta tashi kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda, kowace sauka tana shafa wa ƙwayar ɗan ruwa, kamar mai tebur da ke yayyafa wa alayyafonsa ruwa don kada ya yi yaushi. Gashin ido shi ne tsintsiyar bakin ƙofa. Gira kuma indararo ce, ta karkatar da gumi gefe. Raƙumi, da yake shi ɗan rairayi ne, an ƙara masa wata fata ta uku mai shara-shara da ke share ƙura daga gefe zuwa gefe, kamar abin goge gilashin mota.

Ɗan Adam bai ce wannan ya ishe shi ba. Ya ƙara wa ido marfin ƙashi, na fata, na ƙyalle, na gilashi, har da na zinariya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancin waɗannan marufan ba don a daina gani aka yi su ba. Don a ƙara gani aka yi su.

Mu fara da mutanen da ke can nesa da mu, wato Inuwit na can ƙuryar arewacin Kanada da Alaska da Girinlan, inda ƙasa ke kwance fara fat da dusar ƙanƙara. Kai da ke kukan ranar watan Afrilu, rana ɗaya kake fama da ita, ta sama. Su biyu suke fama da su, ta sama da ta ƙasa, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana iya maido da kusan kashi 80 cikin 100 na ɓoyayyen hasken nan mai ƙuna da ido ba ya gani, alhali busasshen yashi kamar kashi 15 kawai yake maidowa. Ka ɗauka an shimfiɗe garinku kaf da sabon kwanon rufi, sannan aka ce ka fita farauta da tsakar rana.

Dabarar da suka yi tun ɗaruruwan shekaru ba ta da gilashi ko kaɗan. Su sassaƙa ƙashi, ko ƙaho, ko hauren dabbar teku, ko itacen da ruwa ya kawo gaɓa, daidai faɗin fuska, su tsaga masa 'yar siririyar kafa a saitin kowane ido, su ɗaure da tsirkiya ta ƙeya. Wani lokaci su shafa baƙin hayaƙi a ciki. Asabari ke nan aka rataya wa ido: na cikin ɗaki yana ganin mai wucewa, rana kuwa ba ta shigo ta dame shi ba. Ko ka ce mazurari. Wanda ya ɗaga bokiti ya juye wa kwalba man gyaɗa kai tsaye, ƙasa ce za ta sha. Wanda ya sa mazurari, da kaɗan-kaɗan sai kwalba ta cika. Har wata riba tsagar ke da ita, tana ƙara wa gani kaifi, kamar yadda tsoho ke ƙanƙance ido idan zai karanta lambar waya.

Ciwon da suke gudu ba baƙo ba ne a wurinmu, a shagon mai walda yake kwana. Je ka tsaya ka gani. Maigida ya juya baya, yaron shago ya ɗauki sandar walda, ya ture abin kare fuska gefe.

"Kai, ina gilashinka?"

"Maigida, ɗan ɗis ɗaya ne kawai."

Ɗis ɗaya ya zama goma. Ya tashi lafiya, ya ci tuwo lafiya, har ya yi hira a dandali. Sai can tsakar dare, bayan awa 6 zuwa 12, ya farka yana ihu kamar an cusa masa yashi da barkono, hawaye na zuba, ko hasken aci-balbal ba ya iya kallo. Fatar gaban ƙwayar ce ta ƙone, irin ƙunar da ke kama mafarauci a kan ƙanƙara. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu takan warke, amma bashi ne irin na mai haƙuri, ba ya zuwa karɓa sai ka manta ka ci. Kuma baƙin tabaran kasuwa ba ya tare wutar walda, kamar yadda rariya ba ta tare ruwa. Gilashin walda na gaske, idan ka ɗaga shi a cikin ɗaki, kusan ba ka ganin komai sai an kunna wuta.

Tunda an ambaci tabaran kasuwa, bari mu tsaya wajen mai allon nan da ya jera su kamar kifi a kan tire. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar idonka ƙofa ce, kuma akwai mai tsaronta. Rana ta yi zafi, ya turo ƙyaure ya bar 'yar kafa kamar milimita 2. Duhu ya yi, ya wangale ta har wajen milimita 8. To, ka sayi baƙin gilashi marar maganin tare ɓoyayyen hasken nan, ka ɗora. Mai tsaro ya leƙo ya ga duhu, ya ce ai magariba ta yi, ya buɗe ƙofa gaba ɗaya. Ɓarawon kuwa, da yake ba ya da launi, baƙin gilashi bai hana shi komai ba, sai ya shigo da kayansa ta ƙofar da aka buɗe masa. Ka ga da ka fita da idonka tsirara, aƙalla da mai tsaro yana bakin aiki.

Saboda haka duhun gilashi ba shi ne shaida ba. Farin gilashi kar na iya tarewa, baƙi ƙirin ya kasa. Abin da ake nema shi ne alamar UV400, wadda ke nufin yana tare wannan haske mai ƙuna. Sai dai takarda ba ta ƙin tawada, kowa na iya manna alama, don haka wanda ke wuni a rana, manomi ko ɗan acaɓa ko masunci, gara ya saya a wurin masu gilashin ido da za su iya gwada masa. Shekara da shekaru ana gasa ido a rana na daga cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, da kuma tsiron naman nan da ke rarrafowa daga farin ido zuwa baƙi.

Akwai kuma wani gilashin mai wayo da direbobi ke so. Hasken da ya daki kwalta ko fuskar ruwa ya dawo, mafi yawansa a kwance yake tahowa. Gilashin nan kuwa kamar ƙofar zaure ce doguwa siririya. Wanda ya ɗauko gora a tsaye ya wuce abinsa, wanda ya ɗauko ta a gicciye ya maƙale a bakin ƙofa. Walƙiyar kwalta ita ce mai gorar gicciye. Shi ya sa masunci da ya sa irinsa yake hango abin da ke ƙarƙashin ruwa maimakon ƙyallin sama. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ya gano yadda za a yi wannan mataci da araha tun yana matashi a ƙarshen shekarun 1920, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937.

Uwa-uba kuma ita kanta rana. Ranar 29 ga Maris 2006 aka yi husufin da ya bi ta Gana da Togo da Binin, ya ratsa Najeriya ta wajen Gusau da Katsina, ya shiga Nijar ya wuce Libiya. Gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. A irin wannan rana kowa so yake ya ɗaga kai, kuma a nan haɗarin yake. A cikin ido akwai wani ɗan madubi da ke tattara haske wuri guda, irin gilashin da yara ke ƙona takarda da shi a rana. Takardar a nan ita ce shimfiɗar da ke can bayan ido, wadda ke ɗaukar hoton duk abin da kake gani. Matsalar ita ce ba ta jin zafi. Tuwo idan ya kama a gindin tukunya, ƙauri zai kira uwargida. Wannan ƙunar ba ƙauri ba hayaƙi, sai daga baya mutum ya ga wani tabo ya zauna a tsakiyar duk abin da ya kalla. Tabaran kallon husufi na gaske ya fi na yawo duhu sau dubbai. Wanda bai samu ba, ga dabara kyauta: ya juya wa rana baya, ya ɗaga abin tace taliya mai huji-huji, ya kalli inuwarsa a ƙasa. Kowane huji zai zana masa 'yar rana mai siffar jinjirin wata. Inuwar ganyen darbejiya ma haka take yi.

Mu da ke ƙasa ma da sauƙi, domin iskar da ke lulluɓe da duniya rumfa ce, tana tace mana mafi munin zafin. Waɗanda suka fara taka wata a 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sun fita daga ƙarƙashin rumfar. Shi ya sa a hotunansu ba ka ganin fuska, sai wani madubi ruwan gwal. Zinariya ce ta gaske aka shafa wa gilashin hular, amma siririya ƙwarai, har ana gani ta cikinta. Idan ka ajiye ɓawon albasa kusa da ita, sai ya zama kamar bargo. Amarya ta sa zinariya a wuya don a kalle ta, su kuwa sun sa a ido don su iya kallo.

Duk waɗannan, mai ido ne ya ɗaura wa kansa. Labari yakan canza idan wani ne ya ɗaura maka.

Ɗauki doki. Idanunsa a gefe suke, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da ɗan wuri a gaban goshi da kuma bayan wutsiya. A daji wannan ne ya raya kakanninsa. A cikin gari kuwa ya zama masa jidali: leda ta tashi a hagu ya zabura, yaro ya gifta a dama ya yi tsalle. Sai masu keken doki, daga Alƙahira har Landan, suka ɗinka wasu 'yan fatu biyu a jikin ragama, suka tare masa gefe da gefe. A filin sukuwa ma ana sa wa dokin da hankalinsa ke rabuwa. Abin da malamin allo ke yi ke nan idan ya juya almajiri mai kalle-kalle ya fuskanci bango.

Larabawa masu farauta da shaho sun wuce nan, su rufewa suke yi ruf. Wata 'yar hular fata ce, ƙarama kamar ƙoƙon shan magani, a zura wa tsuntsun a kai, a ja zare ta baya. Shahon da ke fizge-fizge yanzun nan sai ya tsaya cak a hannu. Duk wanda ya taɓa son kama zakaran yanka ya san sirrin. Da rana ka tara yaran unguwa ku yi ta zagaye gida, da dare kuwa hannu ɗaya za ka miƙa a akurki. Tsuntsun rana idan bai gani ba, a wurinsa dare ya yi. Ba a cire hular sai abin farauta ya tashi. Sarki Firedarik na Biyu, wanda ya mulki Sisili da Jamus a ƙarni na 13, a wurin Larabawa ya koyi wannan hula, ya kuma bayyana ta a littafin da ya rubuta kan farauta da tsuntsaye.

A Sudan kuma har yanzu akwai masu matsar man riɗi da raƙumi. Ƙaton turmin itace ne a tsakiya, da taɓarya mai kauri da aka haɗa da doguwar sanda, a ɗaura wa raƙumi, a rufe masa ido da ƙyalle ko fata. Ya yi ta tafiya tun safe, riɗi na murƙushewa, mai na tsatsowa. Masu shi sukan ce don kada jiri ya ɗebe shi ne, kada kuma ya shagala. Wataƙila gaskiya ne. Amma idan da raƙumin zai yi magana da yamma, cewa zai yi ya kusa isa Makka, alhali bai bar inuwar rumfar ba.

Likita ma yana ɗaurewa, kuma nasa ɗaurin ya fi kowanne ban mamaki. A kawo yaro mai ido ɗaya rarrauna, wataƙila saboda harara-garke ko saboda ɗaya ya fi ɗaya buƙatar gilashi. Likita ya duba, ya ɗauko filasta, ya manne mai ƙarfin.

"Likita, ai wannan ne mai lafiyar!"

"Shi ya sa, Hajiya."

Ƙwaƙwalwa kamar uba ce mai 'ya'ya biyu a gona. Ɗaya ƙaƙƙarfa, ɗaya mai sanyin jiki. Kullum aiki ya taso sai a kira ƙaƙƙarfan, har aka manta da sunan ɗayan, shi kuma ya saba da kwanciya a gindin kuka. Maganin shi ne a aiki ƙaƙƙarfan kasuwa na 'yan awoyi kullum, dole ragon ya ɗauki fartanya. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: abin ya fi ci kafin yaro ya kai shekara 7 ko makamancin haka. Wasu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun nuna dalili a shekarun 1960, da suka rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya tun suna jarirai. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta raba gadonsa. Aikinsu kan gani ya kai su ga lambar Nobel a 1981. Haka jaririn da shawara ta kama, idan aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitilar asibiti, sai an rufe masa ido da ɗan ƙyalle mai laushi. Fata ce ke buƙatar hasken, ido ba ruwansa.

Sai kuma ɗaurin da ake yi don gaskiya ta fito. Ka san mutum-mutumin matar nan ta ƙofar kotu, sikeli a hannu ɗaya, takobi a ɗaya, ido a ɗaure. Ma'anar ita ce ba sani ba sabo. Mai awon hatsi idan ya ga surukarsa ce, mudu sai ya yi toro. Idan baƙo ne daga ƙauye, a shafe baki da tafin hannu. Rufe masa ido, kowa ya sami mudu ɗaya. Abin dariya shi ne, da farko zagi ne. A wani zane da aka buga a birnin Basel a 1494, wawa ne aka nuna yana ɗaure wa matar ido don kada ta ga gaskiya. Zuwa 1543, da aka kafa mutum-mutuminta a kan wani famfo a birnin Bern na Suwizalan, ɗaurin ya zama yabo. Wadda ke kan rufin kotun Old Bailey ta Landan kuwa idonta a buɗe yake har gobe. Ƙyallen dai ɗaya ne, yana iya nufin "ba na duba fuska", yana kuma iya nufin "ban ga komai ba".

Masana kimiyya sun ari wannan ƙyalle. A 1784 wani likita mai suna Franz Mesmer ya cika Faris da labarin cewa akwai wani ƙarfi a jikin mutum da ake sarrafawa da hannu a warkar da cuta. Mutane na suma, suna kakkarwa, suna cewa sun ji sauƙi. Sarkin Faransa ya naɗa kwamiti, ciki har da Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. Ba su tsaya musu ba, sai suka ɗaure wa mutanen ido. Aka ce wa wani ana yi masa aikin alhali ba a yi, ya kama kakkarwa. Aka yi wa wani a ɓoye, ko gezau. Kamar mai rantsuwa cewa ba ya cin kowace shinkafa sai 'yar waje, a zuba masa 'yar gida a kwanon tangaran ya cinye yana santi. Har yau haka ake gwajin sabon magani, a ɓoye wa marar lafiya, wani lokaci har da likitan, ko na gaske aka ba shi ko na bogi.

A ƙwallon ƙafar makafi, wadda ta shiga gasar nakasassu ta duniya a Atina a 2004, duk 'yan wasan fili sai sun sa marufin ido, saboda wani yana ɗan ganin haske, wani ba ya gani sam. Ƙwallon tana da ƙararrawa a ciki, kamar caki, 'yan kallo kuma su yi tsit. A nan rufe ido shi ne daidaita mudu.

Akwai wanda ke sa baƙin gilashi ba don rana ba, don kada a karanta shi. Kunya a ido take, tsoro da kwaɗayi ma haka. Gogaggen dillali a kara ba bakinka yake saurare ba, idonka yake bi ya ga a kan wane sa ya tsaya. Wanda ya rufe nasa idon ya bar naka a buɗe, ya zama mai leƙe ta tagar bene, yana ganinka ba ka ganinsa. 'Yan Najeriya da suka yi wayo tsakanin 1993 da 1998 ba sa buƙatar dogon bayani, sun tuna Janar Sani Abacha da baƙin gilashinsa, da yadda ake ta hasashen abin da ke bayansa. Can ƙarshen layin kuma akwai ƙyallen da mai satar mutane ke ɗaura wa wanda ya kama, don kada ya gane hanya ko fuska. Wannan babu wani amfanin mai ido a cikinsa, ko ƙwayar zarra.

To, da me za a bambance? Ba da kayan da aka yi marfin ba, domin ƙyallen ma'aikaciyar jinya da na ɗan fashi daga yadi ɗaya za a iya yanko su. Ka tambayi mai ɗaurin yaushe zai kwance. Likita zai ce awa kaza a rana, ku dawo bayan wata kaza. Alƙalin wasa zai ce sai an busa tashi. Mai shaho zai ce da zarar abin farauta ya motsa. Mai walda da kansa yake ɗage nasa idan ya gama. Duk mai ɗaurin kirki yana da amsa a bakinsa, kuma ba ya jin haushin tambayar. Amma idan wani ya rufe maka ido, da ƙyalle ne ko da daɗin baki, ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa ko mai maganin a-sha-yanzu, ka tambaye shi lokacin kwancewa ya ce kai dai ci gaba da tafiya an kusa isa, to ka shaƙi iska da kyau. Idan ka ji ƙanshin man riɗi, ka san ko wane ne kai a cinikin.